Kada Ku Tara wa Ɗigo Kwano

Ƴaƴana da ƙannena na Madarumfa,

Wata shekara cikin hunturu, da asuba, na shiga makewayi zan ɗebi ruwan alwala, sai tafin ƙafata ya taka danshi a inda ban saba jin danshi ba. Na haska fitila. A ƙarƙashin tankin ruwan zafi da muka rataya a bango, daidai inda tiyo ya haɗu da noti, ga ɗigo guda ya taru, yana kumbura sannu a hankali, har ya saki ya faɗo. Na tsaya ina ƙirge, sai da na wuce goma kafin na biyu ya biyo shi. Na ce a raina wannan ai bai isa a kira shi yoyo ba. Na ɗauko wani tsohon kwanon sha na tara masa, na wuce masallaci.

Kwanon nan ya yi wata bakwai a wurin. Kowace safiya a zubar, a mayar. Ya zama ɗan gida, har mun daina ganinsa. Abin da ban lura ba shi ne, ba duka ruwan ke faɗawa kwano ba. Wani yana bin bayan tiyo, ya gangara ya shige bango ta inda ido ba ya kaiwa. Kafin damina ta sauka shafen siminti ya kumbura ya fara zuba, tubalin ƙasa da ke bayansa ya yi laushi kamar tuwo, gara ta samu sanyi ta ja hanyarta har azara. Wata ƴar roba ce ta mutu, wadda kuɗinta bai kai na kofin shayi ba, amma sai da muka kira magini da kafinta, kuma mahaifiyata, wadda dominta aka sayi tankin saboda sanyin tabkin garinmu da ke kama mata gwiwa, ta koma jiran a hura wuta tsawon kwanakin gyara. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma shi ya sa nake rubuto muku.

Mu fara da lissafi, tunda ku ƴan makaranta ne. Yini da kwana akwai daƙiƙa 86,400. Ɗigon famfo idan mai kauri ne, huɗu kan yi mililita guda. Ke nan famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 20 kafin gobe war haka, kusan cikin bido guda irin wanda ƴan ga-ruwa ke turowa a kura. A wata, lita 600 da ɗoriya. Idan kuma ruwan zafi ne asarar ta zama biyu, domin kafin lita 100 ta tashi daga digiri 20 zuwa 60 sai ta ci wutar lantarki fiye da kilowat huɗu da rabi na awa guda, don haka lita 20 ɗin nan da ta tsiyaye ta tafi da kusan kilowat ɗaya na awa guda kowace rana. Ba sai kun yarda da ni ba. Ku ajiye kofi a ƙarƙashin ɗigon gidanku, ku duba agogo, ku auna da kanku. Da yayyafi kogi kan cika, kuma da irin yayyafin nan takardar ruwa da ta wuta suke kumbura a ƙarshen wata, maigida yana ta faɗa wai an yi masa ƙari.

Ku san wani abu kuma game da kwantar ruwa, wato na'urar da ke ƙirga ruwan da gida ya sha. Daga 2001 kamfanin SEEN ne ya riƙa raba ruwa a biranen Nijar, daga farkon 2024 kuma aikin ya koma hannun NDE. Ko wane ne ke riƙe da shi, ƙa'idar ɗaya ce: abin da ya wuce kwanta ya shigo gida, naka ne, ko ka sha shi ko ƙasa ta sha. Kwantar nan ma ita ce shaidarku mafi gaskiya. Da dare ku rufe duk famfunan gida, ku rubuta lambobin da ke kanta har da ƙananan jajayen nan, da safe kafin kowa ya taɓa ruwa ku sake dubawa. In sun motsa, akwai inda ruwa ke fita ba da izininku ba.

Mu mutanen bakin tabki muna da wani rauni guda: ganin ruwa kullum yana sa mu ɗauka ba ya ƙarewa. Tabkinmu idan ya cika yakan kai wajen hekta 800, ga masunta, ga tsuntsaye, ga kusheyin waliyyai 99 da ake zuwa ziyara daga nesa. Amma duk wanda ya girma a nan ya ga yadda bakinsa ke janyewa cikin bazara, ya ga Gulbin Maraɗi ya koma rairayi tsantsa, kuma ya ji dattawa suna faɗin yadda zuwan ruwan ya sauya tun da aka gina madatsar Jibiya a can Katsina. Zogalen Jiratawa da ake fahari da shi ba ruwan sama yake sha da rani ba, injuna ne ke jawo masa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma kowace lita da kuɗinta. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai cika lita ba. Ɗigon da na tara wa kwano ya zubar da ruwan alwalar mutane da yawa, ni kuwa ina wuce shi zuwa sallah sau biyar a rana.

To, yaya ake gyara? Wani dattijo mai gyaran famfo ne ya koya mini, ranar da ya zo ya ga ɓarnar. Ban ga ya fara da kile, abin kwance noti, ba. Tsumma ya nema. Ya goge tiyo da noti da gindin tanki har suka bushe ƙarau, ya yago takarda ƙanana ƙanana ya naɗa a kowane haɗi, daga na sama zuwa na ƙasa, sannan ya ja kujera ya zauna.

Na ce, "Baba, ai ga inda yake ɗiga nan, na nuna maka."

Ya ce, "Malam, nan ne inda yake faɗowa. Inda yake fitowa muke nema."

Ruwa matafiyi ne. Yakan fito daga sama ya bi jikin tiyo taku biyu ko uku, ya taru a lanƙwasa, sannan ya ɗiga, kai kuma ka kama lanƙwasar da ba ta yi laifin komai ba ka yi ta matsa. Takardar da ta fara jiƙa, mafi tsawo a cikinsu, ita ke nuna mai laifi. Wani lokacin ma babu yoyo sam: tiyon ruwan sanyi ne ke yin gumi idan tururin wanka ya cika ɗaki, kamar yadda randa ko kwalbar sanyi ke yi. Shi wannan yakan jiƙa tiyo gaba ɗaya, ba wuri guda ba, kuma yana bushewa in an buɗe taga. Farin gari kamar kanwa ko kore-kore a bakin noti kuwa alama ce ta tsohon yoyo, wanda zafi ke busar da shi kafin ya kai ƙasa.

A nan zan daɗe, domin a nan ne ake rasa rai. Akwai ɗigon da ba a hanawa. Duk tankin lantarki da aka haɗa yadda ya kamata yana da wani ƙarfe a bakin tiyon da ruwan sanyi ke shiga, mai ɗan hannu ko murfi da ake murzawa, da ƙaramin baki yana kallon ƙasa. Bawul ɗin tsaro ke nan, kuma irin da ake kawo mana daga Faransa an saita shi ya buɗe idan matsi ya kai bar 7 a ma'aunin matsi. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Lita 100 da ta tashi daga digiri 20 zuwa 60 tana ƙaruwa da kimanin lita ɗaya da rabi, ga tanki a rufe, ƙarfe ba ya miƙewa. Dole rarar ta sami ƙofa, kuma wannan ɗan bakin ne ƙofarta. Idan kun ga yana ɗiga lokacin da tanki ke dumama ruwa, ya kuma tsaya in ya gama, to lafiyarsa lau, aikinsa yake yi. Abin da yake buƙata tiyo ne da zai kai ruwan magudana ko gindin shuka.

Na taɓa shiga wani gida na tarar an toshe wannan baki da noti, an naɗe shi tamau, mai gidan yana murna ya yi maganin yoyo. Jikina ya yi sanyi. Ranar da na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi zafi ta lalace, ruwan zai ci gaba da tafasa a rufe ba mafita, kuma tanki irin wannan in ya fashe yana iya rusa bango ya ɗage rufi. Ina roƙonku da girman Allah, ko wane ne ya ce ku toshe shi, ko da ya girme ku, ku ba shi haƙuri ku ƙi. Haka ma ɗan tiyon numfashi da ke tsaye a saman tankin hasken rana, wanda wani lokaci yake tofar da tururi da tsakar rana, ba a toshe shi, ba a lanƙwasa shi. Idan bawul ɗin yana zuba dare da rana ba tsayawa, sau da yawa tsakuwa ce ko farar ƙasa ta maƙale a bakinsa. A murza hannunsa ruwa ya fito da ƙarfi na ɗan lokaci ya wanke. In bai daina ba, a sauya shi da sabo, ko a sa a auna matsin ruwan gidan. Wasu kuma sukan rage zafin tanki ya koma ɗumi-ɗumi don ɗigon ya ragu. Wannan ma kuskure ne, domin ruwa mai ɗumi da ya kwana a tanki shi ne gidan wata ƙwayar cuta mai kama huhu, wadda aka gano bayan ta kashe mutane a wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. A bar shi wajen digiri 60. Sama da haka kuma yana saurin ƙona fatar yaro, yana kuma tara farar ƙasa.

Idan kun tabbata haɗi ne ke yoyo, kafin hannu ya taɓa kile a kashe wuta daga babban makunni, ba daga ɗan maɓallin bango kaɗai ba. Ruwa da lantarki ba sa haɗuwa a bar mutum da rai. Akwai dalili na biyu: ƙarfen da ke dumama ruwa a ciki, in aka bar masa wuta babu ruwa, nan take yake ƙonewa. Sai a rufe bawul ɗin ruwan sanyi, a buɗe famfon ruwan zafi don matsi ya sauka, a bar ruwan ya huce, a zuƙe tanki har ya sauka ƙasa da haɗin da za a kwance. Mai tankin hasken rana mai kwalaben gilashi ya yi aikinsa da sassafe ko bayan magariba, domin kwalbar da ta sha rana babu ruwa, in aka zuba mata ruwan sanyi tsagewa take yi.

Yanzu ga abin da ya raba mai sani da mai ƙarfi. Haɗi ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da abin da ke tare masa ruwa. Wanda ya ci mini bango irin mai noti ne da ke juyawa shi kaɗai, a cikinsa akwai wata ƴar faifai mai rami a tsakiya, baƙar roba ko jar takarda mai tauri, wadda masu sana'a ke kira juwan. Ita ce ke tare ruwa, ba haƙoran notin ba. Zafi da shekaru sukan busar da ita ta tsage. Da dattijon nan ya zaro tamu ya ɗora mini a tafin hannu, sai ta ɓare biyu kamar busasshen ganye. Irin wannan haɗi ko ka naɗa masa farin tef na awa guda ba zai daina ba. Sabuwar juwan yake so, a kankare ragowar tsohuwar tas, a ɗaura da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara masa kaɗan da kile. Ku tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu. A Maraɗi za a tambaye ku 15/21 ne ko 20/27, a Jibiya kuma a ce rabin inci ne ko uku bisa huɗu, duk abu ɗaya ne, bakin Faransa da bakin Ingila ne kawai suka bambanta.

Inda namiji ke shiga mace, haƙori cikin haƙori ba juwan a tsakani, nan ne gidan farin tef ko zaren filas da man shafawarsa. Tef ɗin nan da kuke gani kamar ba komai ba, sinadarinsa wani masani ne mai suna Roy Plunkett ya ci karo da shi a kamfanin DuPont a 1938, kuma zafin ruwan wanka bai isa ya narka shi ba. Amma naɗinsa da ƙa'ida. A goge haƙoran da burushin ƙarfe, a juyo bakin tiyo yana kallonka, a naɗa ta hannun da agogo ke tafiya, ana ja yana shiga tsakanin haƙora, zagaye goma zuwa sha biyar in siriri ne, a bar haƙorin farko tsirara don kada yage ya shiga tiyo ya toshe wani abu a gaba. In ka naɗa a baibai, murɗawar farko za ta warware shi. Kuma in ka ɗaura, kada ka dawo baya ko kaɗan don ka daidaita fuskar famfo. In dole ne, kwance duka ka sake sabon naɗi. Akwai kuma mai ɗan zoben tagulla da ke cije tiyon jan ƙarfe. Shi sau da yawa kwata ɗin zagaye ya ishe shi, in bai ji ba zoben ne ya mutu.

Kile biyu ake riƙewa, ɗaya ya danne jikin, ɗaya ya murɗa noti. Mai kile guda yakan gyara haɗin gabansa ya kwance na bayansa bai sani ba. Kuma ku ji tsoron ƙarfinku, ku samari. Yawancin notin da na ga ya tsage, hannun mai jin ƙarfi ne ya tsaga shi. A ɗaura kaɗan, a saki ruwa, a duba, a ƙara kaɗan. Wanda ya ce bari in ƙara masa ɗaya na tabbatarwa, shi ne ke shiga garin gyaran gira ya rasa ido, musamman a bakin tankin kansa, inda in haƙora suka lalace babu sauran magani.

Na san dabarar da kowa ya iya: a yanko robar tayar babur a naɗe wurin tamau. Ba na raina ta, ta sha fitar da mutane kunya da tsakar dare. Amma ta kwana ɗaya ce, kuma a kan ruwan zafi ba ta daɗewa. Haka tiyon roba mai toka-toka da ake haɗawa da gam, na ruwan sanyi ne. Ruwan zafi koren nan yake so wanda ake narka bakinsa da inji, ko jan ƙarfe. Inda jan ƙarfe zai haɗu da bakin tanki na baƙin ƙarfe kuma, a sa ɗan haɗin da ke raba su, domin in suka taɓa juna cikin ruwa ɗaya yana cin ɗaya, tsatsa ta huda wurin. In kuwa kun ga ruwa mai launin tsatsa yana fitowa daga cikin rigar tankin, ko daga murfin da wayoyi suke, ku tsaya nan. Wannan ya wuce aikin mai koyo. A bar wuta a kashe, a kira wanda ya sani.

Da an gama, a bar famfon ruwan zafi a buɗe, a saki ruwan sanyi a hankali. Zai yi tari, ya yi atishawa, iska tana fita. Sai ya zubo sumul ba yankewa sannan tanki ya cika, sai a lokacin ake mayar da wuta.

Wani cikinku zai ce, mu da ba mu da tanki fa? Gaskiya ne, yawancin gidajenmu tukunya ce a kan murhu, kuma duk wanda ya ga itacen da wankan jego na kwana arba'in ke ci ya san dalilin da ya sa dajin Baban Rafi yake buƙatar masu tsaro. Amma juwan ɗin da ke cikin tanki ita ce a famfon tsakar gida, ita ce a famfon unguwa da ya mai da hanya taɓo da gidan sauro, ita ce a tiyon masu lambu. Tankunan hasken rana kuma suna ƙaruwa a kan rufin gidaje da ɗakunan haihuwa, kuma duk za su nemi hannu. Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan cikin jiharmu. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa, ya dawo ya jagoranci ma'aikatar ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, inda aka riƙa ƙera tankunan dumama ruwa da hasken rana a ƙasar nan da hannun ƴan ƙasa. Mutum mai irin wannan ilimi bai ga ƙasƙanci ba a cikin tunanin tanki da tiyo. Yana ba ni takaici in ga saurayi mai takardar brebe ko bak yana zaune, yana jin kunyar a gan shi da kile, alhali a garin nan ana jiran mai gyara ya taso daga Maraɗi saboda ƴar roba guda.

Ku kuma ƴan matana, da ku nake musamman. A gidanmu mata ne suka zubar da kwanon nan wata bakwai, sun fi ni sanin saurin cikarsa, sun kuma faɗa mini ya ƙaru, ban saurara ba. Ku san inda bawul ɗin gidanku yake da inda ake kashe wuta. Ku sa a nuna muku yau, ku murza da hannunku ku ji yadda yake. Ranar da tiyo zai ɓalle, sau da yawa maza suna gona ko kasuwa.

Da dattijon nan ya gama aikinsa a ranar, na miƙa masa kuɗi sai ya ƙi karɓa. Ya ce haɗin ruwan zafi ba a yi masa shaida yana sanyi, sai ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya koma. Ya shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa daidai inda kwanon yake a da, ya naɗa wata a wuyan notin, ya ce kada kowa ya taɓa. Washegari bayan sallar asuba sai ga sallamarsa a ƙofar gida, da mayafinsa saboda sanyi. Ya durƙusa, ya zare takardar ya ɗaga ta a hasken fitila, ya shafa ɗan yatsa a ƙarƙashin notin ya duba. Sannan ya miƙe ya ce, "Malam, yanzu kawo."